Jagorar Kiwon Kunkurun Ruwa Mai Jan Kunne: Ka Fara da Ruwan

Ranar da aka kawo shi gida, ƙoƙon bayansa bai wuce santimita 3 ko 4 ba. Ɗan kore shar, ga jan zane a bayan kowane ido, yana ta iyo a cikin ƴar roba. Duk wanda ya gan shi zai ɗauka robar nan ta ishe shi zama har ƙarshen rayuwarsa, kuma daga wannan zaton yawancin matsalolin suke farawa. Tamatar wannan kunkuru takan kai santimita 25 zuwa 30 idan ta girma, namijin kuma 18 zuwa 23. Idan ya samu kulawa yakan yi shekara 20 zuwa 30, wasu ma su haura. Yaron da aka saya wa shi yana firamare zai iya yin aure ya haihu, kunkurun na nan.

Masana suna kiransa Trachemys scripta elegans. Asalinsa kwarin kogin Misisipi ne a Amurka, daga jihar Ilinoi zuwa gaɓar tekun Meksiko, inda yake zama a tafkuna da fadamu da koguna masu tafiya a hankali. Jan zanen nan da ake ce wa kunne launin fata ne kawai, kunnen na gaskiya yana ƙarƙashinsa, wani faifan fata ne marar tudu. A can gida ruwa yana da yawa, yana sabunta kansa, rana tana dukansa, tsirrai suna tsotse dattinsa. Da zarar ka sa shi a tanki, duk waɗannan ayyuka sun dawo wuyanka. A cikin ruwan nan yake ci, a nan yake sha, a nan yake kashi da fitsari, a nan yake kwana. Shi ya sa rabin wannan jagora, ko fiye, magana ce a kan ruwa.

Kafin ka karɓo shi

Ka duba dokar ƙasar da kake. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi tun 1997, a 2016 kuma ta sa shi cikin jerin baƙin halittu masu mamaye muhalli, abin da ya haramta sayar da shi da hayayyafa shi a ƙasashenta. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta lissafa shi cikin halittu 100 mafi ɓarna idan aka kai su inda ba nasu ba. Dalilin kuwa masu kiwo ne da suka gaji suka je suka sake shi a tafki, ya kori kunkurun wurin daga wajen shan rana da wajen abinci. A Amurka ma, tun 1975 hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta hana sayar da kunkurun da ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba, wato kusan santimita 10, saboda ƙananan yara suna sa su a baki suna kamuwa da ƙwayar Salmonela.

Ka kuma tambayi kanka ko kana da wurin da tankin lita 300 ko 400 zai zauna nan da ƴan shekaru. Idan amsar a'a ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na farko: yawan ruwa da zurfinsa

Ƙa'idar da masu kiwo suka daɗe suna bi ita ce galan 10 na ruwa ga kowane inci na tsawon ƙoƙo. Idan aka mayar da ita ma'aunin lita, kusan lita 15 ke nan ga kowane santimita. Kunkuru mai santimita 10 yana son lita 150, mai 20 yana son 300, babbar tamata mai 28 kuwa sai an haura 400. Abin da ake ƙirgawa ruwan da ke ciki ne, ba girman tankin da aka rubuta a kwali ba, domin ba za ka cika shi har baki ba. Lissafin ba wuya: ka auna tsawo da faɗi da zurfin ruwan da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000. Tanki mai tsawon 120, faɗin 50, da ruwa mai zurfin 40, lita 240 ne.

Shawarata ita ce ka sayi babban tun farko. Wanda ya fara da ƙarami zai sayi tanki sau uku kafin kunkurun ya gama girma, kuma ƙaramin ruwa ya fi saurin lalacewa. Kashin da zai gurɓata lita 20 cikin yini guda, a lita 200 ba zai yi wani tasiri ba sai bayan kwanaki. Ba dole ne ya zama gilashi ba. Babban baho na roba mai kauri, irin wanda ake shayar da dabbobi a ciki, yana aiki sosai, sai dai ba za ka riƙa kallonsa ta gefe ba. Ka tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 400 da gilashinsa da kayansa ya doshi rabin tan. Teburin da zai ɗauke shi sai mai ƙarfi, kuma ya zauna daidai ba karkace ba.

Zurfin ruwa kada ya gaza tsawon ƙoƙon sau ɗaya da rabi, sau biyu ya fi. Mutane da yawa suna rage ruwa don tsoron kada ya nutse, alhali ruwa marar zurfi ne ya fi haɗari: idan kunkuru ya kife a bayansa a ruwan da bai kai ya juya ba, nan zai maƙale. Wannan dabba gwanin iyo ne tun yana ƙanƙani. Abin da ke nutsar da shi shi ne maƙalewa, ko a tsakanin dutse da bango, ko a cikin wani kogon ado da ya yi masa kaɗan, ko a bakin bututun da ke zuƙar ruwa zuwa matata, wato filta, na'urar da ke tace ruwan tankin. Da huhu yake numfashi, dole ya riƙa leƙowa sama. Duk wani abu da ka sa a ciki, ka tabbata ko dai zai wuce ta cikinsa a sake, ko kuma ba zai iya cusa kansa ba sam. Ga ƴan ƙanana, ka sa reshe ko ganyen roba da ya kusa kai saman ruwa, inda za su dafa su huta hancinsu na waje.

A ƙasan tanki, mafi sauƙi ka bar shi fayau. Ƙananan tsakuwa su ne abin gudu, domin kunkuru yana haɗiye su su toshe masa hanji, kuma datti yana taruwa a ƙarƙashinsu. In kana son ado, ka sa duwatsu masu santsi waɗanda suka fi kansa girma.

Mataki na biyu: wane ruwa za ka zuba

Ruwan famfo ya yi, da sharaɗin a cire masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Iri biyu ake amfani da su, kulorin da kuloramin. Kulorin yakan fice da kansa idan aka bar ruwa a buɗe kwana ɗaya ko biyu. Kuloramin ba ya fita haka, ko da an bar ruwan mako guda. Tunda ba kowa ne ya san wanne ake zuba wa ruwan garinsu ba, abin da ya fi shi ne ka sayi maganin gyaran ruwa na masu kiwon kifi, wanda aka rubuta yana maganin duka biyun, ka ɗiga gwargwadon litar da za ka zuba. Kulorin yana sa idon kunkuru ya yi ja, amma babbar ɓarnarsa ita ce kashe bakteriya masu amfani da ke cikin matata, waɗanda za mu zo kansu yanzu.

Ruwan rijiya ko na burtsatse ba shi da kulorin, amma wani yakan zo da naitiret mai yawa (sinadarin da za mu yi bayaninsa a mataki na uku), musamman kusa da gonaki ko masai, don haka a gwada shi kafin a dogara da shi. Ruwan da aka tace har aka cire masa dukkan ma'adinai, irin wanda ake zuba wa batir, bai dace ba. Ruwan sama da ya gangaro ta rufin kwano yana iya ɗauko tsatsa da kashin tsuntsaye. Ma'aunin tsami, wato pH, ba abin damuwa ba ne sosai ga wannan kunkuru: daga 6 zuwa 8 duk yana zaune lafiya, kuma gara ka bar shi yadda yake da ka yi ta zuba magani yana hawa yana sauka.

Mataki na uku: matata, da aikin da ido ba ya gani

Nan ne ya kamata mai kiwo ya zauna ya fahimta sosai, domin wanda ya gane wannan sashe ya gane kiwon.

Kashin kunkuru da fitsarinsa da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya. Amoniya guba ce, tana ƙona ido da fata. Akwai wasu bakteriya da ke cin ta su mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne. Sai wasu bakteriyan daban su mayar da naitirait ya zama naitiret, wanda illarsa kaɗan ce sai in ya taru da yawa. A jikin kwalaben gwaji za ka ga an rubuta NH3 ga amoniya, NO2 ga naitirait, NO3 ga naitiret. Waɗannan bakteriya ba sa yawo a cikin ruwa, manne suke a jikin abubuwa, kuma babban gidansu shi ne soso da ƴan zobban yumɓu da ke cikin matata. Wato filta tana aiki biyu: tana kama dattin da ake gani, tana kuma ba wa bakteriyan masauki inda ruwa mai iska ke ratsa su dare da rana. Na biyun ya fi na farkon muhimmanci nesa ba kusa ba.

Kunkuru ya fi kifi ɓata ruwa sosai, saboda haka adadin litar da aka rubuta a kwalin matata na kifi ne, ba nasa ba. Ka sayi wadda aka ce tana ɗaukar ninki biyu ko uku na ruwanka. Idan kana da lita 200, nemi ta 400 zuwa 600. Wadda ta fi dacewa ita ce irin mai kama da bokiti rufaffe, da ake ajiyewa a ƙarƙashin tanki, tiyo ɗaya na kai mata ruwa ɗaya na dawo da shi. Tana ɗaukar soso da yawa, kuma kunkuru ba zai kai gare ta ya ciccije ta ba. Ba a kashe ta da dare.

Sabon tanki ba shi da waɗannan bakteriya. Sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, kuma a wannan tsakani amoniya za ta hau, daga baya naitirait ya hau, sannan duka biyun su sauka zuwa sifili naitiret ya fara bayyana. Idan da hali, ka haɗa tankin ka kunna matata makonni kafin kunkurun ya zo, kana ɗan jefa abincin kifi yana ruɓewa don bakteriyan su sami abin ci. Idan kuwa ya riga ya zo, sai ka riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu ko uku har lamarin ya daidaita. Wanda ya samu guntun soso daga matatar wani tanki mai lafiya da ya daɗe yana aiki, ya sa a tasa, ya rage wa kansa jira sosai. A makonnin farko ruwan yakan yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Wannan ba abin tsoro ba ne, yakan washe da kansa, kuma zubar da ruwan gaba ɗaya maimaita shi kawai yake yi.

Kuskuren da na fi gani shi ne wajen wanke matata. Mutum ya buɗe ta, ya ga soso ya yi baƙi, sai ya kai shi famfo ya wanke tas, wani ma har da sabulu. Ya kashe bakteriyan da ya yi wata guda yana jira. Yadda ake yi shi ne ka ɗebi ruwan tankin a bokiti, ka matse soson a ciki sau uku ko huɗu har kaurin dattin ya fita, ka mayar da shi da sauran launinsa. Sau ɗaya a wata ya isa, ko duk lokacin da ka ga ƙarfin ruwan da ke fitowa ya ragu. In soso ya tsufa ya fara rugurgujewa, ka canza rabi ka bar rabi, bayan wasu makonni ka canza sauran. Idan kuma wuta ta ɗauke na sa'o'i da yawa, ruwan da ke cikin rufaffiyar matata yakan rasa iska ya yi ɗoyi. Kafin ka sake kunna ta, ka zubar da wannan ruwan a waje, kada ya koma tanki.

Ka mallaki kayan gwajin ruwa, irin na ɗigawa a ƴar kwalba ya fi na takarda nuna gaskiya. Abin da kake nema: amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita. Ruwa zai iya zama garau kamar na sha alhali cike yake da amoniya, wani kuma ya yi kore da gansakuka amma lafiyarsa ƙalau. Ido ba ya raba wannan gardama. Hanci yakan ɗan taimaka: tanki mai lafiya ƙanshin ƙasa jiƙaƙƙiya yake yi. In ka ji wari, ruwa ba ya tsami banza, ka nemi abincin da ya maƙale a bayan dutse ko matatar da ta toshe.

Mataki na huɗu: canjin ruwa

Matata ba ta cire naitiret. Hannunka ne kawai ke cire shi. Kowane mako ka zuƙe kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan, ka zuba sabo. Idan gwaji ya nuna naitiret na haura 40 kafin mako ya zagayo, ka ƙara zuwa rabi, ko ka yi sau biyu a mako.

Ka fara da cire filogin hita, wato na'urar ɗumama ruwa, da na matata. Hitar gilashi da ta fito daga ruwa tana kunne takan fashe. Sai ka sa tiyo ka zuƙo daga ƙasa, kana bin kusurwoyi inda kashi ke taruwa. Kada ka taɓa jan ruwan da baki don ya fara gudu, ruwan kunkuru ne, Salmonela na iya kasancewa a ciki. Ka cika tiyon da ruwa ka toshe bakinsa da yatsa, ko ka sayi mai ɗan famfon matsawa. Sabon ruwan ka sa masa maganin kulorin, ka daidaita zafinsa ya yi kusa da na tankin, sannan ka zuba a hankali. Ruwan da ka cire a zuba shi a masai ko a gindin furanni, ban da wurin wanke kwanuka ko kan ganyen da za a ci ɗanye. Bokiti da soso da tiyo na kunkuru su zama nasa shi kaɗai, kuma sabulu ko omo ba sa shiga tanki.

Ƙara ruwa a kan wanda ya ƙafe ba canji ba ne. Ruwa ne kaɗai ke tashi ya bi iska, dattin yana nan, ƙara kauri ma yake yi.

Mataki na biyar: zafi

Jikin kunkuru ba ya haɗa zafin kansa, na wurin da yake zaune yake ɗauka. A ruwa mai sanyi abinci ba ya narkewa, garkuwar jiki ta yi rauni, sai ciwon huhu ya biyo baya. Babba yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Selshiyas, ƙanana da marasa lafiya 26 zuwa 28. Idan ɗakin yana sauka ƙasa da haka, sai an sa hita mai daidaita kanta, a rufe ta da kariyar roba domin kunkuru yana bankar abubuwa. Ka sa ma'aunin zafi daban a ɗaya gefen, kada ka dogara da lambar da ke jikin hitar. Inda ake zafi kuwa matsalar juyewa take yi: ruwan da ya zauna sama da digiri 30 yana sa shi yawan saɓa, ya daina hawa tudu, ruwan kuma ya riƙa saurin lalacewa. Kada a ajiye tankin gilashi inda rana ke dukansa kai tsaye.

Wayoyin wuta kuma, kowacce ka bar ta ta lanƙwaso ƙasa da soket kafin ta hau, yadda ɗigon da ya biyo ta zai faɗi ƙasa maimakon ya shiga wuta.

A daji, idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10, waɗannan kunkuru sukan lafe a ƙasan tafki har sanyi ya wuce. Na gida ba ya bukatar haka, kuma gwada shi ba tare da ƙwarewa ba yana kashe su.

Mataki na shida: tudun shan hantsi

Duk son ruwansa, dole ya fito ya bushe ƙaƙas kowace rana. Ka yi masa dandamali da zai ɗauki dukkan jikinsa, mai gangara marar santsi da zai hau ba wahala, wanda ba ya nutsewa idan ya hau. Har ƙoƙon cikinsa ya kamata ya bushe, in ba haka ba ruɓewar ƙoƙo na tafe. Ka lura da tazarar dandamalin da bakin tanki, domin sun iya hawa fiye da yadda ake zato, kuma faɗowa daga tebur tana fasa ƙoƙo.

Fitila biyu ake ratayawa a samansa. Ta farko ta zafi ce, ƙwan fitila mai ɗumi da zai kai saman dandamalin digiri 32 zuwa 35. Ka auna a daidai inda bayansa zai kasance. Bambancin da ke tsakanin wannan zafi da na ruwa shi ke jawo shi ya fito. Ta biyu ita ce ta hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda da shi fatarsa ke haɗa bitamin D3, da bitamin ɗin kuma jiki ke karɓar kalsiyam. In babu shi, ko ka cika shi da abinci mai kyau, ƙoƙon zai yi laushi, ƙasusuwa su lanƙwashe. Gilashi da roba suna tare UVB, don haka hasken da ya ratso taga ba ya wannan aiki, kuma kada a sa murfin gilashi tsakaninsa da fitilar. Ƙwan UVB yakan daina fitar da hasken da ake bukata tun yana ci gaba da haskawa, shi ya sa ake canza shi bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon irinsa. Ka rubuta ranar da ka sa shi a jikin ƙwan fitilar. A kunna fitilun awa 10 zuwa 12, a kashe da dare.

Wanda ke da fili zai iya yi masa kududdufi a waje, kuma babu fitilar da ta kai rana. Sai dai a tanadi inuwa a wani ɓangare, da shingen da ba zai haura ko ya tona ƙarƙashinsa ba, da raga a sama idan ƙanana ne saboda tsuntsaye da ɓeraye.

Mataki na bakwai: abinci, domin shi ma maganar ruwa ce

Wannan kunkuru ba ya iya haɗiye abinci a tudu, sai a cikin ruwa. Yana yaga shi da farata, gutsattsari su watsu, duk abin da bai ci ba ya zama amoniya. Yawancin tankunan da ke wari, yawan ba da abinci ne ya jawo. Kuma gwanin roƙo ne, da ya hango mutum sai ya taso yana fafutuka a jikin gilashi ko da yanzu ya ƙoshi.

Awon da ake bi shi ne ƙwayoyin abincin kunkuru gwargwadon abin da zai cika kansa da a ce fanko ne. Wanda bai kai shekara ba a ba shi kullum, babba kuma sau biyu ko uku a mako. Ƙanana sun fi son nama, amma yayin da suke girma ganye ne ya kamata ya zama mafi yawan abincinsu: latas mai duhun kore, ganyen dandeliyon (wata ciyawa mai furen rawaya), ɗan karas da aka goga, da tsirran ruwa irin su kainuwa idan daga ruwa mai tsabta suka fito. Ganye kam ana iya sa masa kullum, a tsame ragowar da yamma. Tana ko gyare sau ɗaya a mako ya wadatar. Ka jefa masa guntun ƙashin kifin nan fari mai laushi da ake ba tsuntsayen keji, bayan ka ɓamɓare ɓangarensa mai tauri, ya riƙa gaigaya don kalsiyam. Burodi, madara, da abincin da aka dafa da gishiri ko mai ba nasa ba ne.

Wasu suna ciyar da shi a wata roba daban mai ruwan ɗumi, su bar shi minti 20 ko 30, galibi ma a nan zai yi kashi, sannan su mayar da shi. Dabarar tana rage datti ƙwarai. Amma akwai kunkurun da ɗaukar ke firgita shi ya ƙi ci, irin wannan a bar shi a tankinsa, a bi bayansa da ƴar raga a kwashe ragowa.

Abin da jikinsa ke gaya maka

Farar fata siririya da ke lilo a wuyansa da ƙafafunsa saɓa ce, haka ma ɓawon ƙoƙo siriri da ke ɗagowa ya faɗi da kansa. Kada ka ɓamɓare shi da ƙarfi, ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai haɗe da haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa, yana jin taɓawa yana jin zafi. Saboda haka ma ba a shafa masa fenti ko mai.

Idanu da suka kumbura suka rufe suna nuna ruwa marar kyau ko ƙarancin bitamin A. Tabo mai laushi a ƙoƙo, fari ko mai wari, ruɓewa ce. Kumburi a gefen kai ƙurji ne a kunne. Wanda ya fi gaggawa shi ne kunkurun da ke iyo a karkace, ko ya kasa nutsewa, ko kumfa na fita daga hancinsa, ko yana buɗe baki yana numfashi: ciwon huhu ne, ba ya jira. Duk waɗannan na likitan dabbobi ne, wanda ya san dabbobi masu jan ciki in an samu. Kafin ka tafi ka gwada ruwan ka auna zafinsa, ka tafi da sakamakon, domin tambayar farko da zai yi maka ke nan.

Namiji ana gane shi da dogayen faratan gaba da doguwar wutsiya mai kauri. Tamata kuwa takan yi ƙwai ko babu namiji. Idan ka ga ta daina ci, tana ta kai-kawo tana neman fita, tana tono da ƙafafun baya, wurin yin ƙwai take nema. Ka sa ta a babban akwati mai ƙasa da yashi masu danshi, zurfin santimita 20 zuwa 25, a wuri shiru. Idan ta riƙe ƙwan a ciki ya daɗe, yana iya halaka ta. Haɗa kunkuru biyu a tanki ɗaya kuma ba lallai ba ne, ba sa kewar juna, sau da yawa ma cizo ne ke biyo baya, ga ruwan da ake bukata ya ƙaru.

Lafiyarka da ta iyalinka

Kunkuru mai cikakkiyar lafiya yana iya ɗauke da Salmonela ba tare da wata alama ba. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, ko ruwansa, ko kayansa. Ba a sumbatarsa, ba a barinsa yana yawo inda ake girki. Hukumomin lafiya suna ba da shawarar kada yara ƴan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da masu raunin garkuwar jiki su riƙa taɓa shi. Wajen ɗaukarsa ka riƙe shi da hannu biyu ta gefen baya, nesa da bakinsa, kusa da ƙasa.

Idan wata rana hali ya canza ka ga ba za ka iya ci gaba ba, kada ka kai shi kogi ko tafki. Ka nemi wani mai kiwo da ke da wuri, ko cibiyar da ke karɓar irin waɗannan dabbobi, ka miƙa shi tare da tankinsa da fitilunsa. Matatar kuma a tafi da ita sosonta na jiƙe da ruwan tankin, a kunna ta da zarar an isa, yadda bakteriyan za su kai sabon gida da ransu.